Sandar Auna Inuwa

A tsakar gidanmu a Lakwaya akwai wata sandar kanya da Baba ya kafa a ƙasa, ɗan nesa da rumbu, inda inuwar komai ba ta kaiwa. Tsawonta ya kai ƙirjin babban mutum. Ba a ɗaure akuya a jikinta, ba a shanya mata tsumma, wanda ya jingina da ita kuwa, ko baƙo ne, sai ya ji magana. Da ita Baba yake auna lokacin Azahar.

Baba malami ne, magidanta suna ɗaukar karatu a zaurensa bayan La'asar, amma a ganina abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne wannan tsugunon na tsakar rana. In rana ta doshi tsaka sai ya fito da 'yan tsakuwoyi a aljihu, ya tsuguna, ya ajiye ɗaya daidai bakin inuwar sandar. Ya ɗan jira yana motsa baki, ya sake ajiye wata. Muddin inuwar tana ja da baya zuwa gindin sandar, rana ba ta karkata ba. Da zarar ta fara tsawo, to rana ta karkata. Daga nan sai ya bari ta ƙara rubu'in tsawon sandar, ya miƙe, ya leƙa ƙofar zaure ya ɗaga hannu. Masallacinmu yana kallon ƙofar gidanmu ne. Ladan yana da agogo a hannu, mai ƙyalli ma, amma ba ya kiran salla sai ya ga hannun Baba. Haka na taso na tarar.

Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Shi ya tsaya kai da fata na tafi makarantar kwana ta 'yan mata a Kabo, 'yan uwansa suna ta surutu, ya toshe kunne. Kuma saboda ba na gida sai hutu, ni na fara gane idonsa yana tafiya.

Ciwon ta gefe ya fara. Wani hutu na dawo na ga yana juya kai gaba ɗaya in zai dubi wanda yake zaune kusa da shi. Hutu na biye na ga ya yi karo da turmi, turmin da yake wurinsa tun ina goye. Na sami Inna a madafa na yi mata magana, ta dube ni sheƙeƙe.

"Ke dai da neman magana. Mu da muke tare da shi kullum ba mu ga komai ba. Yadda yake jiya haka yake yau."

Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yadda yake jiya haka yake yau. Amma ba yadda yake da kaka yake da bazara ba. Na nace, na yi kuka, na ƙi cin abinci, har ƙaninsa, Kawu, ya gaji ya kai shi Kano wajen likitan ido. Likita ya ce ruwan cikin idon ne yake matse jijiyar gani yana kashe ta a hankali, abin da yanzu ake kira hawan jinin ido. Ya rubuta wani magani na ɗigawa, safe da yamma, har ƙarshen rai. Ya kuma faɗa musu ɓaro-ɓaro cewa maganin ba ya dawo da abin da ya tafi, gudun ciwon kawai yake ragewa.

Zamanin ostariti ne, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sabulu ma sai an bi layi, balle maganin da sai an shigo da shi daga waje. Kwalbar farko ta ƙare, Kawu ya koma Kano, aka ce babu. Ya sake komawa, aka ce a ƙara haƙuri. Baba ya ce a bar wahalar da bawan Allah, ai shi bai ga bambanci ba tsakanin lokacin da yake ɗigawa da lokacin da ya daina.

Da wannan nauyin a zuciya na koma aji huɗu. Mu kaɗan ne muke ɗaukar darasin lissafi mai zurfi, sauran 'yan aji suna kiranmu 'yan wahala. Malamarmu wata Kirista ce 'yar Filato, doguwa, mai saurin tafiya, muna ce mata Madam. Mijinta yana da ɗan kemis a kasuwar Gwarzo. Tana koyarwa da Turanci, amma in ta ga mun yi zuru sai ta juye Hausa, irin Hausarsu ta can, mu yi ta ƙunshe dariya a mayafi. Ta sani sarai, ba ta damu ba.

Wata rana ta shigo ta ce mu ajiye littattafai mu biyo ta. Ta kai mu bakin rijiyar makaranta, ta ɗauki dutse ta saki a ciki. Muka yi tsit har muka ji ƙararsa a ruwa.

Ta ce, "A ɗauka zurfin rijiyar nan mita ashirin ne, dutsen kuma ya yi sakan biyu a hanya. Wa za ta faɗa mini gudunsa?"

Muka haɗa baki muka ce mita goma a sakan, muna jin kanmu.

"Wannan gudun tafiyar ne gaba ɗayanta, kun baje shi daidai wa daida. Da na sake shi daga hannuna gudu yake yi? Ko motsi da ƙyar. Ni gudunsa nake tambaya a daidai lokacin da ya taɓa ruwa. Wannan lokacin kaɗai."

Ta tsuguna ta rubuta a ƙasa da tsinke: nisa = 5t². Ta ce t shi ne sakan nawa dutsen ya yi yana faɗuwa, wannan ɗan rubutun kuma yana gaya maka inda dutsen yake a kowane lokaci. Bayan sakan ɗaya ya yi mita biyar. Bayan sakan biyu, ashirin. Ke nan a sakan na ƙarshe kaɗai ya ci mita goma sha biyar. Ta ce mu matso, mu duba rabin sakan na ƙarshe. Muka cire inda yake daga inda ya kai, muka raba da rabin sakan, muka sami sha bakwai da rabi. Ta ce mu ƙara matsowa, kashi ɗaya cikin goma na sakan. Sha tara da rabi. Sai ta kira ɗan guntun lokacin da suna h, ta yi lissafin sau ɗaya ga kowane irin guntu, amsar ta fito 20 − 5h. Ta ce duk yadda h ya ƙanƙance, amsar ashirin take nufa, kuma wannan ashirin ɗin ita ce gudun dutsen a lokacin da ya taɓa ruwa.

Ni ban da haƙuri da abin da ban gane ba. Na ce, "Madam, wannan ai wayo ne. In lokaci bai wuce ba dutse bai motsa ba. Sifili za mu raba da sifili?"

Ta ɗago ta dube ni. "Wa ya ce ki kai shi sifili? Cewa na yi ki matso. Nisan yana ƙanƙancewa, lokacin yana ƙanƙancewa, har ki kasa ganin ko ɗaya. Amma ki raba su ki gani, amsar ba ta ƙanƙance ba. Idonki ne ya gaza ganin motsin, ba dutsen ne ya tsaya ba."

Ban ji sauran darasin ba. Muryar Inna kawai nake ji a kunnena, yadda yake jiya haka yake yau. Ashe tsakanin jiya da yau ɗan guntun lokaci ne, abin da ya ragu a ganin Baba ɗan kaɗan ne, shi ya sa ba wanda ya gani a gida, alhali gudun yana nan. Kuma abin da ya fi tsorata ni shi ne sha biyar ɗin nan. Dutsen ya ci mafi yawan rijiyar ne a sakan na ƙarshe. Ban san ko ciwon ido yana bin dokar dutse ba, amma tsoro ba ya tambayar wannan.

Da aka watse na tsaya a bakin rijiya ina kuka. Madam ta dawo ta same ni, ta zaci maganarta ce ta yi mini zafi. Da na gaya mata, ba ta ce mini in yi haƙuri ba, kuma na gode mata da hakan. Sunan maganin kawai ta tambaya. Mijinta ya shafe makonni yana bin manyan 'yan kemis a Kano, wannan ya tura shi wajen wancan, har Allah ya sa ya dace da wasu 'yan kwalabe da za su kai Baba har kaka in an bi su a hankali. Na aika gida, Inna ta sayar da tunkiyarta ba tare da ta yarda akwai wani ciwo ba. Ranar da aka ba mu hutun bazara na biya ta Gwarzo na karɓo su, na ƙulle a gefen zane, ban yarda na sa su a akwati ba.

Na tarar da Baba a gindin sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Uwata, an dawo? Ya hanya? Ya malaman naku? Ya zafin nan? Madalla, madalla. Me aka koyo mana bana?"

Kullum sai ya tambayi wannan, kuma da gaske yake. Na ɗauki tsinke na zana masa rijiya a ƙasa, na ba shi labarin dutse. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya kawo gardamar da na yi wa Madam, kusan kalma da kalma, har na yi dariya. Na ba shi amsarta. Ya jujjuya tsakuwa a hannu.

"To ai kusan abin da nake yi ke nan. Ina matso da tsakuwa kusa da tsakuwa don in kama lokacin da inuwa take daina raguwa ta fara ƙaruwa. A daidai wannan lokacin, nawa ne gudunta a lissafinku?"

Na ce sifili ne, tunda ba raguwa take ba, ba ƙaruwa ba.

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Sifili! Shekara da shekaru ina farautar sifili ban sani ba. Ki gaishe mini da malamar nan, ki ce Allah ya yi mata albarka."

Na ga ƙofa ta buɗe, na shiga. Na kwance gefen zane na ajiye kwalaben a gabansa. Na ce Baba, idonka ma haka yake. Ba za ka ga bambanci tsakanin yau da gobe ba, ko ka ɗiga ko ba ka ɗiga ba, amma gudun yana nan, kuma wannan ne kaɗai yake rage shi. Ya ce ya gane. Na san kuma ya gane, don Baba ba ya cewa ya gane abin da bai gane ba. Duk hutun nan ni nake ɗiga masa, safe da yamma. Na koma makaranta zuciyata wasai.

Da damina ta sauka afolo ya shigo ƙasarmu. Ciwon ido ne mai yaɗuwa, ido ya yi jawur, ya yi ta ruwa da kwantsa, da safe sai an sa ruwan ɗumi kafin ya buɗu. Mun sha shi a makaranta mu ma. Ba ya makantarwa, mako guda ko biyu ya wuce da kansa.

Da aka yi dogon hutu na dawo, abin da na fara nema shi ne kwalaben. Na same su a kan katangar madafa, a jere, babu ko ɗigo a ciki. Inna ta ga fuskata ta fara bayani tun ban tambaya ba. Wata maƙwabciyarmu ce ta fara kawo jaririnta ido a manne, ta ce ta ji Malam yana da maganin ido na asibiti. Baba ya ɗiga masa. Bayan kwanaki yaron ya warke, kamar yadda zai warke ko ba a ɗiga masa komai ba. Shi ke nan labari ya bazu cewa maganin Malam kaifi ɗaya ne, ga asibiti ga albarkar hannu. Mutane suka yi ta zuwa, har daga ƙauyukan gefe, zaure ya cika da jajayen idanu. Kowa aka ɗiga masa ya warke, ya dawo da godiya, ya kawo ɗan uwansa. Kafin gero ya fitar da kai maganin da zai kai kaka ya ƙare.

Ban san lokacin da na isa zaure ba. Ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba.

"Baba, maganin ba na afolo ba ne! Ko amfanin komai bai yi musu ba! Da kansu suka warke! Kai kaɗai yake yi wa aiki a duk garin nan, kai kaɗai!"

Bai yi fushi ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya juyo da kansa gaba ɗaya yana neman fuskata.

"Uwata, zauna. Mace ta shigo da ɗa yana tsala kuka, ido a rufe, ta san maganin ido yana aljihuna. Da wane bakin zan ce mata babu? In na ce mata ba irin nasa ba ne, me za ta ji? Za ta ji Malam ya hana. Wanda ya zo bayanta kuma, ya ga an ba ta, in ce masa me?"

"Sai ka ce musu kai makancewa za ka yi!"

"Su idonsu a rufe yake a ranar. Ni ina gani."

Har yau ban ce na yi kuskure da na ɗaga masa murya ba, kuma har yau ban huce da mutanen nan ba, ko da yake na san ba su san abin da suke karɓa ba. Gidan malami a wurinmu ba shi da abin kansa. Hatsi, rubutu, tabarma, duk na wanda ya shigo ne. Ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin da in an raba shi ya zama asara ga mai shi, bai kuma zama riba ga kowa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya gane lissafin. Ba jahilci ne ya zubar da maganin ba.

Na koma wajen mijin Madam. Bawan Allah ya sake bin Kano, ya dawo hannu wofi. Kantarsa ma ta koma rabi babu komai. Kafin in gama aji biyar suka tattara suka koma gida Filato, don albashi ya daina isar kowa, ban sake ganin Madam ba. Daga baya ni ma na zama malamar lissafi, na koyar da wannan darasin ban san iyaka ba. Da mota nake ba da misali, ko keke. Ban taɓa kai ɗalibai bakin rijiya ba.

Ganin Baba ya tafi da saurin da ko Inna ta daina musu. Da na gama jarrabawa na dawo gida gaba ɗaya, abin da ya rage masa ɗan haske ne a tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin kara. Duk da haka kullum sai ya lallaba ya je gindin sandar. Yana ajiye tsakuwa inda yake zaton bakin inuwa ne, wani lokaci tazarar taƙi guda daga wurin. Rannan ya ɗaga hannu da wuri, rannan ya makara har mutane suka gaji da zama. Ba wanda ya ce masa komai. Sai na fara tsugunawa kusa da shi, ina gaya masa inda inuwar take, shi yana ajiye tsakuwar, a haka muka ɗan rufa asiri.

Ranar da abin ya ƙare rana ce mai haske, babu gajimare ko kaɗan. Muna tsugune, ya ajiye tsakuwa, muka jira.

"Uwata, ta tsaya?"

"Ta juya, Baba. Ta fara tsawo."

"To mu ba ta rubu'inta."

Muna cikin jira, inuwar ba ta kai ba tukuna, sai muka ji kiran salla. Ladan ya duba agogonsa. Na tabbata ba da mugunta ya yi ba, wataƙila sun yi shawara ne su sauke wa Malam nauyi. Amma ba wanda ya zo ya gaya masa.

Baba bai motsa ba har aka gama kiran, yana amsawa a hankali. Ni kuwa don haushi na yunƙura zan fita, ya riƙo gefen zanena. Ya zuba sauran tsakuwoyin a ƙasa, ya kakkaɓe hannu. Sai ya lalubo sandar ya kama ta da hannu biyu, ya girgiza ta gaba da baya. Ta daɗe a wurin, ba ta fita da sauƙi ba. Na ce Baba me kake yi, ya ci gaba da girgiza ta har ta tumɓuko da ƙasa a gindinta.

Ya miƙe, ya goge ƙasar da bakin rigarsa, ya riƙe kai ɗaya, ya miƙo mini ɗayan.

"Riƙe nan, Uwata. Kai ni ƙofar zaure, kada in rasa jam'i."

Na riƙe, na shiga gaba, ya biyo ni.